Mudun Awon Ilimi: Shin Karatun Da Ba A Lissafa Ba Asara Ne?

Gabatarwa

'Yan'uwa marubuta da masu sha'awar rubutu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata 'yar rigima ce ta cikin gida da aka jefa ni tsakiyarta. Da farko na ɗauke ta ƙaramar magana, irin wadda uba da 'yarsa kan yi su shirya kafin a kwanta barci. To amma da na zauna na yi mata kallon tsanaki, sai na ga ashe ta taɓo wata tsohuwar tambaya wadda ta shafi duk mai neman ilimi, wato shin wanda ya yi karatun da ba a lissafa masa a takarda ba, asara ya yi?

Ina da wani amini da muka yi firamare tare, wanda yau shekara ashirin da wani abu ke nan yana zaune a Amurka, yana aikin jinya a wani asibiti. 'Yarsa ta fari ta gama sakandare a can, ta sami gurbi a wata jami'a domin ta karanta aikin injiniya. Sai dai jami'ar ta gindaya mata sharaɗi cewa zangon karatunta na farko a ƙasar Sifaniya za ta yi shi, tare da wasu sababbin ɗalibai irinta, sannan ta dawo ta ci gaba a harabar jami'ar. Kwasa-kwasai biyar za ta ɗauka a can. Huɗu daga ciki babu wata gardama a kansu. A kan na biyar ne aka sami saɓani. Uban yana so ta ɗauki kemistiri, domin yana cikin jerin darussan da jami'ar ta ce za ta lissafa mata kai tsaye. Ita kuwa yarinyar ta ƙyalla ido ta ga wani kwas a kan tarihin Andalus, wanda a cikinsa malami zai riƙa kai ɗalibai biranen Ƙurɗuba da Garnaɗa su ga abin da suke karantawa da idanunsu. Jami'ar ta ce za ta rubuta mata shi a takardar sakamako, amma ba zai maye gurbin komai ba a cikin darussan injiniya, saboda haka sai ta rama kemistirin a lokacin dogon hutu, kuma da ƙarin kuɗi.

Aminin nawa ya buga mini waya cikin fushi ya ce, "Malam, ka yi wa 'yarka magana. Ban kwana a tsaye ina aikin dare don ta je kallon tsofaffin gine-gine ba." Da na kira yarinyar, bayan ta gaishe ni cikin ladabi sai ta ce, "Baffa, kemistiri yana nan a ko'ina, duk inda na je zan same shi. Ƙurɗuba kuwa a wuri ɗaya take." Na ajiye waya na rasa wanda zan ba gaskiya a cikinsu.

Daga Ina Mudun Ya Fito?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da ake rigimar a kansa. A jami'o'in Amurka ana auna karatu ne da wani ma'auni da ake kira kiredit. Kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya a aji, da kimanin awa biyu na nazari a wajen aji, a kowane mako, har tsawon kimanin mako 15. Yawancin kwasa-kwasai kiredit 3 gare su. Ɗalibi kan ɗauki kiredit 15 a zango, wato 30 a shekara, idan ya tara 120 a shekara huɗu sai a ba shi digiri. Ɗalibanmu na Nijeriya ba baƙin wannan lissafi ba ne, domin tun ƙarshen shekarun 1980 jami'o'inmu suka koma kan tsarin ƙidayar yunit.

Wannan mudu bai daɗe a duniya ba. A da can, duk ɗaliban kwaleji a Amurka littattafai iri ɗaya suke karantawa, a jere ɗaya, don haka babu buƙatar awo. Da Charles Eliot ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, sai ya buɗe wa ɗalibai ƙofar zaɓen darussan da suke so. Da zarar wannan ya zaɓi ilimin tsirrai, wancan ya zaɓi Girkanci, sai tambaya ta taso: ta yaya za a ce karatun su biyun ya yi daidai har su cancanci digiri ɗaya? Dole sai an sami abin da za a auna su da shi, kuma abin da ya fi sauƙin aunawa shi ne lokaci.

Bugu da ƙari, a 1905 attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 domin a riƙa biyan malaman kwaleji fansho. Gidauniyar da aka kafa don wannan aiki ta ga cewa sai ta tantance wace makaranta ce ta isa a kira ta kwaleji. Saboda haka a 1906 ta fito da ma'aunin karatun sakandare, inda awa 120 a darasi ɗaya cikin shekara ta zama yunit ɗaya, ta kuma ce kwalejin da ke son malamanta su shiga tsarin fansho sai ta riƙa neman wani adadi na waɗannan yunit daga ɗaliban da za ta ɗauka. Mai karatu ya lura da wannan da kyau. Mudun da yau ake auna ilimin miliyoyin mutane da shi ya samo ƙarfinsa ne daga lissafin fansho da sauƙaƙa aikin ofis.

Turai ma ta ƙera nata mudun. Bayan an kafa shirin musayar ɗalibai na Erasmus a 1987, sai a 1989 aka fara gwada wani tsari na bai ɗaya, inda karatun shekara guda yake daidai da kiredit 60, kowane ɗaya kuma yana wakiltar aikin awa 25 zuwa 30. A Ingila kuwa shekara guda kiredit 120 ce, kowane ɗaya awa 10. Ke nan abin da Ba'amurke zai kira 30, mutumin Faransa ko Sifaniya zai kira shi 60, Ba'ingile ya kira shi 120. Kowace kasuwa da mudunta, kuma ɗalibin da ya tsallaka iyaka dole ya bi ta hannun 'yan canji.

Ita kanta kalmar kiredit tana da abin lura a cikinta. Asalinta daga harshen Latin ne, daga wata kalma mai nufin yarda ko gaskatawa, kuma da ita ce Bature yake kiran bashi. Wato idan wata jami'a ta karɓi kiredit daga wata, cewa take yi, "Ban ga karatun yaron nan da idona ba, amma na yarda da ke da kika ce ya yi." Mu riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Tafiya A Shekarar Farko

Aika ɗalibi wata ƙasa ya yi karatu a lissafa masa a gida ya fara kafuwa a Amurka ne a 1923, lokacin da wani malamin Faransanci a Jami'ar Delaware mai suna Raymond Kirkbride ya tafi da ɗalibai takwas ƙasar Faransa. 'Yan shekara ta uku ne, kuma shekaru da dama a haka al'adar ta tsaya, domin ana ganin sai ɗalibi ya ɗan yi hankali, ya kuma iya harshen ƙasar da zai je. Daga baya ne wasu jami'o'i, irin su Northeastern da ke Boston, da Jami'ar New York, da Jami'ar Jihar Florida, suka buɗe hanyar da sabon ɗalibi zai fara karatunsa a London ko Florence ko wani birni tun kafin ya taka harabarsu. Ba za a musa cewa akwai amfani ga yaran ba. Sai dai ita ma jami'a tana da nata amfanin, domin a zangon farko ɗakunan kwana kan cika maƙil, a zango na biyu kuwa wasu sun gama, wasu sun bari, gurabe sun samu.

Hanyoyin tafiyar sun kasu uku. Akwai wanda zai je reshen jami'arsa da ke wata ƙasa, shi wannan kiredit ɗinsa na gida ne, babu maganar canji. Akwai wanda zai zauna a wata jami'a ta can wadda take da yarjejeniya da tasa. Akwai kuma wanda zai bi ta hannun wani kamfani mai shirya irin wannan tafiya, inda wata jami'ar Amurka mai lasisi za ta tsaya wa karatun, ta fitar da takardar sakamako da sunanta. A hanyoyi biyu na ƙarshe, wuƙa da nama suna hannun jami'ar da yaro zai dawo cikinta. Yawancinsu ba sa karɓar kwas ɗin da aka ci ƙasa da matakin C. Wani lokaci su karɓa, amma su ajiye shi a matsayin darasin ganin dama, wanda bai rage wa ɗalibi komai ba a fannin da ya zaɓa. Wani lokaci ma tara kiredit bayan sakandare kan sa a daina ɗaukar yaro a matsayin sabon ɗalibi, a mayar da shi mai canjin makaranta, ya rasa tallafin da aka keɓe wa sababbi.

Kada a ɗauka tsoron banza ne. A 2017 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto cewa ɗaliban da suka canja makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗin da suka tara. Wannan fa tsakanin makarantun da ke cikin ƙasa ɗaya ke nan.

Hujjar Uba

Yana da sauƙi ga marubuci ya goyi bayan yarinya, ya zana uban a matsayin mutumin da bai san komai ba sai kuɗi. Wannan zalunci ne. Kuɗin makarantar nan gumin mutum ne, barcin da bai yi ba ne, zuwa gida ganin mahaifiyarsa ne da ya ɗage shekara bayan shekara. Bayan wannan yarinya akwai ƙanne uku da ke jiran nasu lokacin. Ɗan da ya karɓi irin wannan kuɗi amana ya karɓa, kuma wanda aka ba amana ba shi da ikon juya ta yadda ransa ya so ba tare da sanin mai ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na kuma lura da wani abu a rayuwa: yawancin masu cewa takarda ba komai ba ce, suna da takardar a cikin akwati. Wanda ba shi da ita shi ya san zafin rashinta. Mu tuna abin da ya faru da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023. An kwaso ɗalibanmu da ke karatu a Khartum, yawancinsu 'yan Arewa, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Sun dawo da ransu, sun dawo da abin da suka karanta a ƙwaƙwalwarsu, babu wanda ya ƙwace musu shi a hanya. Amma duk wanda ya baro can ba tare da takardar sakamakonsa ba, ya tarar da cewa ilimin da ke kansa ba ya buɗe masa ƙofar aji a wata jami'a. Wa zai iya tsayawa gaban irin wannan ɗalibi ya ce masa takarda ba komai ba ce?

Saboda haka idan uba ya ce a ɗauki abin da za a lissafa, yana magana ne da harshen wanda ya san cewa duniya ba ta leƙa cikin kan mutum, shaidar da ke hannunsa take dubawa. Ba raina ilimi ya yi ba.

Hujjar 'Ya

To amma ita ma yarinyar ta faɗi wata magana da ta fi ƙarfin shekarunta. Mu tambayi kanmu, wane irin kwas ne ake canjawa ba tare da gardama ba? Shi ne wanda yake iri ɗaya a ko'ina. Kemistirin Madrid da na Boston da na Zariya duk ɗaya ne, shi ya sa magatakardan jami'a ba ya ɓata lokaci a kansa. Mudu ba ya iya auna abu sai wanda yake da irinsa a wata kasuwa. Abin da ya keɓanta da wuri ɗaya, wanda babu shi a gida, shi ne mudun ya fi rasa yadda zai yi da shi. Alhali kuwa saboda shi ne aka yi tafiyar.

Idan ɗalibi ya tsallaka teku, sannan ya zaɓi darussansa duka bisa ga abin da zai shiga lissafi, to a ƙarshe zai ga ya zaɓi duk abin da zai iya samu ba tare da ya bar ɗakin uwarsa ba. Ya zauna a aji da 'yan ƙasarsu, malami ya koyar da shi da harshensu, ya ci jarrabawa irin tasu, ya dawo da kiredit 15 cif, amma ƙasar da ya je ba ta taɓa shi ba. Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, ya kuma ce gani ya kori ji. Me ya rage na waɗannan maganganu idan matafiyi ya rufe ido daga duk abin da ba za a ba shi maki a kansa ba?

Bayan haka, su kansu maƙeran mudun sun san iyakarsa. A 2015 Gidauniyar Carnegie ta fitar da wani nazari a kan ma'aunin nata, inda ta yarda cewa lokaci yake aunawa, kuma tun asali ba a ƙera shi don ya nuna abin da ɗalibi ya koya ba. Mu a nan mun ga inda bautar takarda ke kai mutane. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, abin da ya sa a watan Janairu na 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Ɗalibin Khartum yana da ilimi ba shi da takarda. Mai digirin mako shida yana da takarda ba shi da ilimi. Duk wanda ya ce lissafi shi ne komai, to sai ya yarda cewa na biyun ya fi na farkon, kuma na san babu mai hankalin da zai yarda da haka.

Darasi Daga Ijaza

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin magabatanmu ma matafiya ne wajen neman ilimi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta wani ɗan littafi musamman don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Almajiri kan sauke littafi a wurin wannan malami, ya naɗe buzunsa ya tafi wani gari wurin wanda ya shahara a wani fanni. Abin da yake ɗauka daga wannan zaure zuwa wancan shi ne ijaza, wato shaidar malami cewa wane ya karanta littafi kaza a gabana, kamar yadda ni ma na karanta a gaban wane, na kuma ba shi izinin ya karantar.

Ba ina cewa a jefar da kiredit a koma ijaza ba ne. Ijaza ta dogara da sanayya, ba za ta iya ɗaukar miliyoyin ɗalibai ba, kuma ita ma an sami lokutan da aka riƙa ba da ita ga wanda bai zauna ya karanta ba. Abin da nake so mu gani shi ne, ijaza ta fito da wata gaskiya a fili wadda lambobi suka ɓoye: duk takardar karatu shaida ce, mutum ne yake tsayawa ya ce na gani. Kuma shaida tana da haƙƙi ta fuska biyu. Wanda ya ba da ita a kan abin da bai gani ba ya yi shaidar zur. Wanda kuma aka kawo masa shaida ta gaskiya ya ƙi karɓa ba tare da dalili ba, ya danne haƙƙin mai ita.

A nan ne na gane cewa rigimar gidan aminina ba ta mutum biyu ba ce. Akwai na uku da ya yi shiru a gefe, wato jami'a. Ita ce ta ce yarinya ta tafi Sifaniya, ita ce ta karɓi kuɗi, ita ce kuma ta tsara darussan injiniya ta yadda babu wurin da abin da Sifaniya kaɗai ke iya koyarwa zai shiga. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makarantar da ta tura yaro ɗan shekara 18 wata ƙasa, wajibinta ne ta faɗa masa dalla-dalla, tun kafin ya biya ko sisi, abin da za ta lissafa da abin da ba za ta lissafa ba, kuma ta bar masa ɗan fili don abin da ya kai shi. Ƙasashen Turai sun gane wani ɓangare na wannan haƙƙi tun 1997, a yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Lisbon, wadda ta ce a karɓi karatun da aka yi a wata ƙasa sai fa idan akwai bambanci mai girma, kuma wanda ya ƙi karɓa shi ne zai kawo hujja. A 2019 hukumar UNESCO ta amince da irin wannan yarjejeniya ta duniya baki ɗaya, wadda ta fara aiki a 2023. Nauyin kawo hujja ya tashi daga kan yaro mara ƙarfi ya koma kan ma'aikata mai ƙarfi, kuma a ganina nan ne ya dace ya zauna.

Abin Da Na Faɗa Musu

Bayan kwana biyu na sake kiran aminina. Na ce masa, "Alhaji, mu yi lissafi tun da lissafi kake so. Digirin nan kiredit 120 ne, kwas ɗin da ake faɗa a kansa 3 ne. Uku cikin 120 ɗaya bisa arba'in ke nan, daidai da abin da kake fitarwa na zakkar kuɗinka kowace shekara ba tare da ka kira shi asara ba. Idan kashi 39 sun tafi ga abin da zai ba ta aiki, ka bar mata kashi ɗaya ga abin da zai ba ta ido." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa zai biya na dogon hutun?" Na ce tambayarsa tana kan hanya, kuma ita zan kai wa yarinyar.

Ita kuma na ce mata, "'Yata, kina da gaskiya a kan Ƙurɗuba, amma gaskiyarki da kuɗin mahaifinki za a saye ta. Ga sharuɗɗa. Ki samo a rubuce, daga ofishin da ke da ikon faɗa, cewa sauran kwasa-kwasan huɗu za su shiga lissafin injiniya, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma alkawarin baki ba ya tsayawa a gaban magatakarda. Ki adana manhajar kowane kwas da duk aikin da kika yi a cikinsa. Ki tabbatar cewa jinkirta kemistiri ba zai hana ki shiga darussan shekara ta biyu ba, ba kuma zai taɓa tallafin da ake ba ki ba. Ki nemi ɗan aiki ki biya wani abu daga kuɗin ramuwar da guminki. Sannan kwas ɗin da kika yi wannan faɗa a kansa, ki karanta shi kamar ranki ya dogara da shi."

Na ƙara mata da cewa, idan bincike ya nuna wannan zaɓi zai ja mata asarar shekara guda ko ya raba ta da tallafi, to ta haƙura ta ɗauki kemistiri, ta shiga jirgin ƙasa ranar Asabar da littafin rubutu a hannu ta je ta ga Ƙurɗuba da kanta. Babu wanda zai ba ta maki a kan wannan, kuma babu wanda zai iya hana ta. Ta kawo takardun, uban ya karanta su sau biyu, ya amince ba don ransa ya so ba. Har yanzu idan muka yi waya yakan ce ni na ɗaure mata gindi.

Kammalawa

Amsar da na tsaya a kanta ita ce, karatun da ba a lissafa ba ba asara ba ne, amma yana da farashi, kuma ba halal ba ne mutum ya ɗora wa wani farashin ba tare da saninsa da yardarsa ba. Ɗalibi ya fara tsare takardarsa, domin haƙƙin waɗanda suka ɗauki nauyinsa ne. Bayan ya tsare ta, kada ya bari ta zama ita kaɗai ce mai zaɓa masa abin da zai sani. Makaranta kuma ta ji tsoron Allah a kan shaidar da take bayarwa da wadda take ƙin karɓa.

Mu marubuta ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Wane ne a cikinmu aka ba kiredit a kan tatsuniyoyin da ya saurara a ɗakin kakarsa, ko littattafan haya da ya karanta da fitilar ƙwai, ko zaman da ya yi a bakin kasuwa yana sauraron yadda mutane ke sarrafa harshe? Babu jami'ar da za ta karɓi waɗannan a canji, amma da su muke rubutu. Duk da haka ina kira ga ƙannenmu masu tasowa, kada wani ya fake da wannan ya yi wasa da jarrabawarsa da sunan shi marubuci ne, domin iyayensa ba su biya kuɗin makaranta don haka ba. Ku kawo musu takardar da suka aike ku nema, ku kuma riƙa ware ɗan lokaci, ko da ɗaya bisa arba'in ne, don karatun da babu mai tambayarku shi.

Ina maraba da ra'ayin duk wanda ya ga na karkata, musamman iyaye masu biyan kuɗin makaranta, a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.